Dinkinesh: Dutsen samaniya da ya shekara 23 yana jiran suna

A ranar 1 ga Nuwamba, 2023, wani kumbon hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, mai suna Lucy, ya gitta kusa da wani ɗan dutse da ke yawo tsakanin duniyar Mars da ta Jupiter. Faɗin dutsen kamar mita 720 ne, kwatankwacin a jera filayen ƙwallo bakwai a tsaye. Sunansa Dinkinesh, kalma ce daga harshen Amharik na ƙasar Habasha. A farkon wannan shekarar ba shi da suna ko kaɗan, sai lamba, alhali tun 1999 aka fara ganinsa.

Me ya jinkirta sunan har shekara 23? Amsar tana cikin yadda ake rajistar duwatsun samaniya, kuma duk wanda ya taɓa fama da lambar mutum ɗaya da ta shiga wayarsa sau uku da sunaye daban-daban zai gane matsalar da wuri. Ganin dutse a hoto somin taɓi ne. Sai an san hanyar da yake bi wajen zagaya rana, har a iya cewa ga inda zai kasance baɗi, sannan ake ɗaukarsa a matsayin wanda aka gano.

Unguwar da yake zaune

Irin waɗannan duwatsu su ake kira astaroyid. Mafi yawansu suna zagaya rana ne a wani faffaɗan fili tsakanin Mars da Jupiter, wanda masana ke kira babbar ɗamarar duwatsu. Ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne, kimanin shekaru biliyan 4.5 da suka wuce. Ƙarfin janyowa na Jupiter, wadda ta fi duk duniyoyin rana girma, shi ya riƙa hargitsa su har suka kasa haɗuwa su zama duniya guda.

A finafinai akan nuna wurin a cunkushe, kumbo na kauce wa wannan dutse yana kauce wa wancan. A zahiri fili ne fetal. Tsakanin dutse da maƙwabcinsa akan sami dubban ɗaruruwan kilomita, kuma da za a tattara su duka a dunƙule, nauyinsu ba zai kai kashi 5 cikin 100 na nauyin watanmu ba. Babban cikinsu shi ne Ceres, mai faɗin kusan kilomita 940. Dinkinesh kuwa cikin ƙanana yake, a gefen ɗamarar da ya fi kusa da rana.

Hanyar da yake bi

Masana falaki ba sa auna irin wannan nisa da kilomita, don lambobin sun yi yawa. Mudunsu shi ne nisan da ke tsakanin duniyarmu da rana, kusan kilomita miliyan 150, wanda suke taƙaitawa da AU. Da wannan mudu, matsakaicin nisan Dinkinesh daga rana AU 2.19 ne, kimanin kilomita miliyan 328.

Hanyar tasa ba da'ira ce cif ba, ta ɗan yi siffar ƙwai. Idan ya matso sosai yakan zo AU 1.95, idan ya yi nisa ya kai AU 2.44. Hanyar ta kuma ɗan karkata da digiri 2 daga shimfiɗar da duniyarmu ke zagaye a kai. Yana gudun kusan kilomita 20 a daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya yi shekara 3.24 kafin ya kammala zagaye ɗaya.

Za ka iya gwada wannan lissafi da kalkuletar wayarka. Fiye da shekaru 400 da suka wuce, masanin falaki na Jamus Johannes Kepler ya gano cewa nisan abu daga rana shi ke yanke tsawon shekararsa. Buga 2.19 × 2.19 × 2.19, za ka sami kusan 10.5. Danna alamar √ a kan wannan amsa, sai 3.24 ta fito. Haka dokar take aiki a kan kowane abu da ke zagaya rana, babba ko ƙarami.

Akwai wata lamba kuma da ya kamata ka riƙe. Tun da duniyarmu ta fi shi sauri, takan cim masa ta wuce shi duk bayan kusan wata 17. A lokacin ne yake kusa da mu, rana kuma tana haska fuskarsa da ke kallonmu. Ɗan dutse irin wannan, a wannan ɗan tsakanin ne aka fi samun damar ɗaukar hotonsa. Idan damar ta wuce, sai a jira zagayowa ta gaba.

Kwamfuta ce ta fara ganinsa

An gano Dinkinesh ranar 4 ga Nuwamba, 1999, a kusa da garin Socorro na jihar New Mexico a Amurka. Babu wani mutum da ya kafa ido a madubin hangen nesa ya yi kururuwar murna. Aikin wani shiri ne mai suna LINEAR, na ɗakin binciken Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT, wanda ke amfani da madubin hangen nesa mai faɗin mita ɗaya da kyamarar dijital.

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Kyamara takan ɗauki hoton yanki ɗaya na sama sau da dama a dare guda, da tazarar wasu mintuna. Manhaja sai ta ɗora hotunan a kan juna. Taurari suna nan daram inda suke. Duk ɗigon hasken da ya gusa daga hoto zuwa hoto, shi ne abin nema. Sai a auna inda yake da lokacin da aka gan shi, a tura wa Cibiyar Ƙananan Duniyoyi, MPC a taƙaice, da ke Cambridge a jihar Massachusetts. Ita ce magatakardar duk duwatsun samaniya a madadin Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, IAU.

Yadda ake karanta 1999 VD57

Cibiyar ta ba sabon ɗigon lambar wucin gadi: 1999 VD57. Wannan ba shaci-faɗi ba ne, kowane gurbi da aikinsa.

1999 ita ce shekarar da aka gan shi.

Harafin farko yana nuna rabin watan da aka gan shi. An raba shekara gida 24: A na nufin 1 zuwa 15 ga Janairu, B sauran Janairu, C rabin farko na Fabrairu, haka har zuwa Y, ƙarshen Disamba. Akan tsallake harafin I don kada a rikita shi da lamba 1. V ta faɗo a kan 1 zuwa 15 ga Nuwamba.

Harafi na biyu da lambar da ke biye da shi suna nuna matsayinsa a layi. Haruffa 25 ake amfani da su, daga A zuwa Z ban da I. Idan sun ƙare sai a koma A, a ƙara lamba a gefe don a san sau nawa aka zagayo. A nan an zagayo sau 57, D kuma ita ce ta huɗu. Ke nan 57 × 25 + 4, wato 1,429. Shi ne na 1,429 da aka yi wa rajista cikin waɗannan kwanaki 15 kacal.

Masu rubuta manhaja za su so wannan: a cikin fayilolin cibiyar, lambar takan koma J99V57D. J tana wakiltar shekarun da suka fara da 19, K kuma waɗanda suka fara da 20. An matse ta haka ne saboda tsohon tsarin aika bayanan gurbi 80 kacal yake da shi a kowane layi, gadon zamanin da ake ciyar da kwamfuta da kati mai huji. Wayarka ta fi kwamfutocin wancan zamani ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tsarin da suka bari yana nan ana cin karo da shi.

Ya ɓace, ya dawo da wasu lambobin

An bi diddigin 1999 VD57 na 'yan kwanaki, sannan ya dushe ya ɓace. Matsalar ita ce, don a tsayar da hanyar dutse ana bukatar lambobi shida: girman hanyar, yadda ta yi ƙwai, karkatarta, lambobi biyu da ke nuna inda ta fuskanta, da kuma inda dutsen yake a kanta a wani ƙayyadadden lokaci. A ƙa'ida gani uku ya isa a fara lissafi. To amma kwana goma cikin tafiyar shekara uku ɗan guntu ne ƙwarai. Kamar ka hango mota ta gitta a mahaɗar hanya ne, a ce ka faɗi garin da za ta kwana. Ƙaramin kuskure a awon yau yakan zama babban giɓi bayan shekara ɗaya.

Wannan tsohuwar matsala ce. Ceres ma, da Giuseppe Piazzi ya gano a Palermo ta Italiya ranar 1 ga Janairu, 1801, ta ɓace a hasken rana bayan makonni kaɗan. Wani matashin Bajamushe ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, shi ya ƙirƙiro hanyar lissafin da ta nuna inda za a duba, aka kuwa sake ganinta a Disambar wannan shekara. Manhajojin yau har yanzu suna tafiya a kan tubalin da ya aza.

Dinkinesh ya sake bayyana a 2004, ba a gane shi ba, daga baya aka ba wannan ganin lamba 2004 HJ78. Ya kuma bayyana a 2007, ya sami 2007 CB63. Da abin da ka koya a sama za ka iya karanta su: H rabin ƙarshe na Afrilu, C rabin farko na Fabrairu. Ka kuma lura, daga ganin farko zuwa na 2004 kusan ninki uku ne na watanni 17 ɗin nan, zuwa na 2007 kuma ninki biyar.

Dutse ɗaya, rajista uku. A waya, lambar mutum ce ke tona cewa "Sani Makaniki" da "Sani Gareji" mutum ɗaya ne. A sama, hanyar zagaye ce ke wannan aiki. Da aka gwada aka ga hanya guda ta ratsa ta duk wuraren da aka ga ɗigogin uku, a daidai lokutan da aka gan su, sai aka haɗe su. Yanzu maimakon awon kwana goma, an sami na sama da shekara bakwai. A 2007 cibiyar ta ba shi lambar dindindin, 152830. Samun wannan lamba shi ne shaidar cewa dutse ba zai sake ɓacewa ba, kuma sai da ita ake buɗe ƙofar raɗa suna.

Dokokin raɗa suna

Wanda ya gano dutse yana da shekara goma daga ranar da aka ba shi lambar dindindin ya kawo sunan da yake so, tare da ɗan taƙaitaccen bayanin dalili. Wani kwamitin IAU mai kula da sunayen ƙananan halittun samaniya shi ke amincewa ko ya ƙi. Daga cikin sharuɗɗan:

Kada sunan ya wuce haruffa 16, kuma an fi son kalma ɗaya.
Ya zama mai furtuwa a wani harshe na duniya.
Kada ya zama zagi ko cin mutunci, kada kuma ya yi kama da sunan da aka riga aka bayar.
Ba a yarda da sunan talla ko na kasuwanci ba, ba a kuma son sunan dabbar gida.
Ɗan siyasa ko jagoran yaƙi sai ya shekara 100 da rasuwa.

Ba a sayar da sunan. Duk shafin intanet da ya ce ka biya kuɗi a raɗa wa tauraro ko dutsen samaniya sunanka ko na masoyiyarka, takarda kawai zai ba ka, babu masanin da zai san da ita.

Shirye-shirye irin su LINEAR suna gano duwatsu dubbai, babu mai lokacin zaɓa wa kowanne suna. Cikin sama da miliyan ɗaya da aka sani yau, waɗanda ke da suna ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa 152830 ya ƙara shekara 16 yana lamba zalla, har shekaru goman wanda ya gano shi suka wuce. Sai da wani ya bukace shi.

Lucy ta zo wucewa

An harba kumbon Lucy ranar 16 ga Oktoba, 2021, daga Cape Canaveral a jihar Florida, a tafiyar shekara 12. Inda ya nufa shi ne wasu gungun duwatsu da ake kira Trojan, masu zagaya rana a kan hanya ɗaya da Jupiter, wasu a gabanta wasu a bayanta. Dinkinesh ba ya cikin jadawalin farko.

Wani masani a cikin tawagar, Raphael Marschall na cibiyar falaki ta Nice a Faransa, ya sa kwamfuta ta gwada hanyar kumbon da hanyoyin duwatsu kusan 500,000 da aka san zagayensu da kyau. Ya tarar Lucy za ta wuce kimanin kilomita 64,000 daga 1999 VD57 ko ba a taɓa komai ba. Da ɗan gyaran alkibla za a iya matsawa kusa. A Janairun 2023 NASA ta sa shi a jadawali. Da ba a haɗe rajistocin nan uku a 2007 ba, da ba zai shiga jerin da aka bincika ba.

Tawagar sai ta nema masa suna, kuma ba ta je da nisa ba. An raɗa wa kumbon suna ne daga wasu tsofaffin ƙasusuwa da Donald Johanson da abokan aikinsa suka tono a Hadar, yankin Afar na Habasha, a Nuwamban 1974. Na wata halitta ce mace mai tafiya da ƙafa biyu, wadda masana suka ƙiyasta shekarunta miliyan 3.2. Turawan tawagar sun kira ta Lucy, daga wata waƙar mawaƙan Beatles da suke ji a sansaninsu. Habashawa kuwa suna kiranta Dinkinesh, wato "ke abin al'ajabi ce". Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, kwamitin IAU ya amince da sunan.

Gwajin manhaja ne ya kai su

Babban dalilin ziyarar shi ne gwada wata manhaja. Ko an san hanyar dutse da kyau, akan sami saɓanin kilomita masu yawa a inda yake takamaimai. Kumbunan baya sukan ɗauki hotuna birjik na duk yankin da ake zato, da yawa su fito babu komai sai duhu. Ba kuma za a iya tuƙa kyamara daga ƙasa ba: a ranar, Lucy na da nisan kusan kilomita miliyan 480 daga gare mu, saƙon rediyo sai ya yi kusan minti 27 kafin ya isa, ya yi wasu 27 ya dawo.

Don haka aka ɗora wa Lucy tsarin da zai nemo dutsen da kansa, ya kafa masa ido, ya riƙa juya kyamarori yana bin sa. Ka san yadda kyamarar waya ke zana ɗan akwati a fuskar mutum tana bin sa duk inda ya gusa? Kusan haka ne, sai dai a nan ana gudun kilomita 4.5 a daƙiƙa, an kuma wuce dutsen da tazarar kilomita 430, kwatankwacin Kano zuwa Abuja a mota. A lokacin ma babban faifan sadarwar kumbon ya juya wa duniya baya, babu mai ganin abin da ke faruwa sai bayan an gama. Tsarin ya yi aiki yadda ake so.

Abin da hotuna suka nuna

Hotunan farko da suka iso sun nuna Dinkinesh ba shi kaɗai ba ne, yana da ɗan wata da ke zagaya shi. Bayan 'yan kwanaki wani hoto da aka ɗauka ta wani gefe, kusan minti shida bayan wucewa, ya nuna ɗan watan ma duwatsu biyu ne manne da juna, ɗaya mita 210 ɗaya 230. Ba a taɓa ganin irin wannan tagwayen suna zagaya wani astaroyid ba.

Wannan ya warware wani ruɗani. Kafin ziyarar, masu auna haskensa daga ƙasa sun ga yana ƙaruwa yana raguwa duk awa 52.7, suka ɗauka tsawon juyin dutsen ke nan. Ashe lokacin da ɗan watan ke ɗauka ya zagaya shi ne, daga nisan kusan kilomita 3. Shi kansa Dinkinesh yana juyawa sau ɗaya duk awa 3.7. Masu binciken suna ganin hasken rana ne ya riƙa ƙara masa saurin juyi a hankali cikin miliyoyin shekaru, har wani ɓangarensa ya zaftare. Wasu ɓaraguzan suka dawo suka yi masa tudu a ƙugu, wasu suka dunƙule suka zama ɗan watan.

Shi bai jira shekara 23 ba. Kafin Nuwamban ya ƙare an raɗa masa Selam, daga ƙasusuwan wata yarinya 'yar kimanin shekara uku, irin halittar Lucy, da masanin Habasha Zeresenay Alemseged ya gano a Dikika a shekarar 2000. A Amharik kalmar na nufin zaman lafiya. Tushenta ɗaya da salam ta Larabci, wadda muka aro muke cewa salama.

Daga nan Lucy ta ci gaba. Ranar 20 ga Afrilu, 2025, ta gitta wani dutsen a wannan ɗamara, 52246 Donaldjohanson, mai ɗauke da sunan wanda ya tono ƙasusuwan. A jadawalinta, Trojan na farko shi ne Eurybates, a watan Agustan 2027.

Duba da kanka

Duk waɗannan bayanai a buɗe suke, kyauta. Shiga ssd.jpl.nasa.gov a burauzar wayarka, ka nemi rumbun bayanan ƙananan halittun samaniya, ka rubuta 152830. Za ka ga lambobi shidan nan, da ranar ganowa, da zanen hanyarsa da za ka iya juyawa da yatsa. Mai koyon rubuta manhaja zai iya kiran ssd-api.jpl.nasa.gov/sbdb.api?sstr=152830 ya karɓi bayanan a tsarin JSON. Aikin gwaji mai kyau shi ne ka rubuta ɗan shirin da zai karɓi lamba irin 1999 VD57 ya fitar da rabin watan da matsayin layi, ko wanda zai karɓi nisa ya fitar da tsawon shekara.

Wanda yake son ya wuce kallo, akwai shirin IASC na haɗin gwiwar neman duwatsun samaniya, da ke raba wa ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan sa-kai hotunan madubin Pan-STARRS na Hawaii kyauta. Ƙungiyoyi daga ƙasashen Afirka, har da Najeriya, suna shiga. Ana bukatar kwamfuta mai Windows, da manhajar Astrometrica, da data kaɗan, da haƙurin zuba wa hotuna ido ana neman ɗigon da ya gusa. Idan abin da ƙungiyarku ta gani ya tabbata, zai sami lambar wucin gadi. Idan aka ci gaba da ganinsa har hanyarsa ta zauna, abin da kan ɗauki shekaru, zai sami ta dindindin, sannan a ba waɗanda aka danganta wa gano shi damar kawo suna. Sharaɗin harshe dai guda ne, sunan ya furtu a wani harshe na duniya, kuma Hausa na ciki.